Ranar da aka ɗebi jinin ɗiyata a ƙirjina

Ɗiyarmu ta fari bakwaini ce. Daga Illela aka tura mu babban asibiti a Sakkwato, aka yi wa uwarta aiki, ita kuma aka sa ta a kwalba. Ni albasa nake saye a Kalmalo in kai Ƙwanni. Ban taɓa riƙe jariri ba, balle na fari da ake jin kunyarsa.

Kusan kullum sai an huda diddigenta an ɗebi jini, ina kallo ta gilashin ƙofa. Ko ƙarfin kuka ba ta da shi. Sai dai ta buɗe baki, ta ware yatsu, jikinta ya ɗauki rawa.

Wata safiya wata nas, dattijuwa ce, ta same mu a baranda ni da yayata. Ta ce tunda uwar ba ta iya tashi tukuna, tana son wanda zai ɗora yarinyar a ƙirji, fata da fata, lokacin ɗibar jinin, don zafin yakan ragu. Yaya ta miƙe, amma tari take, aka hana ta. Sai Yaya ta dube ni.

"Tashi ka tahi."

"Ni, Yaya? Mi mutane za su ce?"

"Su ce mi? Da kunya da ɗiyarka, wanne ka hi so?"

Na wanke hannu har gwiwa, na cire riga. Da aka kwantar da ita a ƙirjina, ban ji nauyin komai ba, sai ɗumi. Nas ta naɗe mata ƙafafu, ta ɗora tafina a bayanta, ta ɗiga mata nonon uwarta a harshe. Muka jira har numfashinta ya daidaita.

"Alhaji, kar ka motsa. Yi mata magana."

Sai na kama salati a hankali. Allura ta shiga. Yarinyar ta yamutsa fuska, ta damƙi gashin ƙirjina, ta ɗan yi ƙara, sannan ta koma tsotsar leɓe. Jikinta bai yi rawa ba.

Daga ranar ban jira a kira ni ba. Da uwar ta samu ƙarfi aka kawo ta a keken marasa lafiya, nas ta ja baya ta ce in nuna mata. Ni na koya wa matata yadda ake riƙe ɗiyarmu, ta yi ta kallona kamar ranar ta fara ganina.