Awartakin da ke cikin hanta

A shekarun da arzikin man fetur ya sa kowa sha'awar babur, ina shekara ta biyu a jami'a, ina karatun kimiyyar sinadarai. Na zo hutu Fagam na tarar yayata ta haihu, amma ta ɗashe, ko tashi ta yi sai jiri ya kwashe ta. Likita a Birnin Kudu ya ce ƙarfen jininta ne ya yi ƙaranci. Ya ba ta ƙwayoyi, ta zuba su ƙarƙashin katifa saboda suna tayar mata da zuciya.

Kawunmu maƙeri ne, kuma a ganinsa ba a zancen ƙarfe a bayan idonsa. Ya aiko da ruwan da yake tsoma jan ƙarfe a ciki, a ba ta safe da yamma. Na hana. Da la'asar sai ga shi ya zo jin dalili, ya zauna a zaure tare da mijin yayar tawa, wanda ke goge sabon babur ɗinsa da tsumma.

Na gyara murya. Na ce jiki ba ya karɓar ƙarfe haka kawai, sai da abin da zai riƙo shi. Akwai wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, waɗanda da su aka gina nama. Kowannensu yana cafke ƙwayar ƙarfe ta wuri biyu, nan naitirojin, nan oksijin, kamar awartaki. Har zane na yi a ƙasa.

Kawu ya daɗe yana kallon zanen.

"Wato shekara biyu gwamnati tana ciyar da kai kaza don ka gano awartaki baki biyu gare shi?"

Na ce abin ya fi haka zurfi.

"Na ji, Malam likita. Ina ake sayar da awartakin?"

"Ba sayarwa ake ba, Kawu. Yana cikin nama da wake. Hanta ma har da ƙarfenta take zuwa."

"Nama," in ji shi. Ya juya ga surukinmu. "Kai, yaushe rabon gidan nan da nama?"

Tsumman ya tsaya. Tun ragon suna, kuma wannan ma abokan maigida ne suka fi sanin ɗanɗanonsa.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce duk ranar kasuwa a kawo hanta, in ba haka ba zai ɗauke 'yarsa ya ciyar da ita a maƙera, gari ya gani. Ruwansa kuwa ya ce a ci gaba da sha. Ni dai na samu yayata ta yarda ta riƙa shan ƙwayoyin bayan ta ci abinci.

Surukina ya daina amsa gaisuwata, amma hanta ba ta yanke ba. Yayata ta murmure tun kafin a yanke gero. Na ga ƙafarta ta yi ƙarfi, na ce mata ai ta warke.

"Rufe mini baki," ta ce, tana juya hanta a kasko. "Sai bayan babbar salla zan warke."