Kaset na Bakwai daga Gidan Tsohon Gorton

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don gudun kada abokan aiki su samu abin tsokana. Amma ranar da muka kwashe kayan gidan wani tsohon Bature a unguwar Gorton, nan ƙasar Turawa, ta ƙi fita daga raina.

Aikinmu shi ne kwashe kayan gidan da mai shi ya rasu. A ƙa'ida, duk kaset ɗin bidiyon da babu rubutu a jikinsa sai an duba shi a sito kafin a zubar, don in na iyali ne a mayar wa magada. Ni aka ɗora wa dubawar, saboda an san ba na tsallake komai.

Da hantsi ne, cikin watan azumi. Na saka kaset na bakwai. Hoton ya fito kamar mai ɗauka ya ɓoye kyamarar a cikin riga, yana bin wata mata har ɗakinta. Da ta fara cire kaya na kau da kai. Sai na ji ihu. Na waiga, na ga idanunta sun firfito tana kallon mai ɗaukar. Nan take na fizge wayar wuta.

Kyamarori uku na ciro da hannuna daga ƙarƙashin gadon tsohon nan. 'Yarsa kuma tun daga Birmingham ta kawo mana makulli, tana hawaye, tana cewa mahaifinta ko kiyashi ba ya takawa. Ni zan sa a ce mata mai kisa ne? In kuma na yi shiru, alhakin wannan mata yana wuyana.

Sai da na zagaye siton ya fi a ƙirga kafin na samu shugaban ayarinmu, Alhaji Sule, mutumin Kumasi.

"Alhaji, a kira police. Na ga kisa."

"Ka kalla har ƙarshe?"

"Da azumi a bakina?"

"To, zo ka juya baya, ni in ɗauki zunubin."

Ya kunna, ni kuma na fuskanci bango ina salati. Ihun ya wuce. Can sai kiɗa, sai dariyar Alhaji.

"Malam Idi, juyo! Wane mai kisa ne ke rubuta sunan darakta?"

Sunayen 'yan wasa ne ke ta fitowa. Ashe tsohon fim ne na ban tsoro, marigayin ya naɗa daga talabijin. Alhaji ya ce ya taɓa jin labarin fim ɗin: da ya fito Turawa tsine masa suka yi, yanzu kuwa a jami'a ake karantar da shi.

Na zauna dirshan a ƙasa ina hamdala. 'Yar ta zo ta karɓi kaset ɗin bikinta da muka samu a cikin sauran, ta tafi da mahaifinta a zuciyarta kamar yadda ta san shi.

Mu masu wannan aiki guntun rayuwar mamaci muke gani, kuma da guntu na kusa ɓata sunan wanda ba zai iya kare kansa ba.

Roƙona ɗaya. Duk wanda ya san matar da ta fito a farkon fim ɗin nan, don Allah ya sanar da ni yadda ta ƙare. Na yarda wasa ne. Ina dai so in ji cewa ta yi furfura.