Kwancin Kawu Lambo

A tsaye Kawu Lambo yake shan madararsa ta safe, ƙafa ɗaya a kan dokin ƙofa, burodi da cuku a hannu. Makiyayin tumaki ne, ya tsufa a bayan garke a kan duwatsun ƙauyenmu, kuma ya yi imani kujera ta majinyata ce da ma'aikatan gwamnati. An ce ko barci jingine da sanda yake yi.

Kaji kuwa na matarsa Gergina ne, wake-wake, irin da ta gada daga uwarta. Gergina ta rasu a ƙarshen sanyi. Ba a jima ba dila ya shiga akurki ya yi wa kajin ta'aziyya irin tasa. Abin da ya rage ƙwai goma sha ɗaya ne, sai wata tsohuwar baƙar kaza mai suna Gimbiya da ta fara kwanci a kan wofi. In ƙwayayen nan suka huce, irin Gergina ya ƙare.

A wajenmu cikin hular namiji ake kai wa kaza ƙwai, wanda ya kai kuma sai ya zauna kusa da ita don ta ga misali. Mata kan ɗan tsuguna ne su tashi. Lambo ya juye ƙwai daga hularsa ta fatar rago, ya zauna, Gimbiya ta kwanta. Ya miƙe, ta miƙe. Ya koma, ta koma.

"Kazar nan ta raina ni," ya ce wa maƙwabciyarsa Iya Tsona.

"Ta dai gane ka. In kai ba za ka zauna wa ƙwan matarka ba, ita a kan me?"

Ya mayar da kwandon ƙwan kusa da murhu, ya zauna a kujerar Gergina. In uzuri ya kama shi su fita tare, su dawo da gudu, shi da kaza. Ƙauye ya zo kallo. Abokinsa Petko ya leƙo ta taga.

"Lambo, in ka fara sakawa ka ajiye mini manya biyu."

"Rufe tagar, sarkin surutu, iska na shigo mana."

A zaune ya ga abubuwan da shekara arba'in na tsayuwa suka ɓoye masa. Rana ashe tana rarrafe a bango kamar jariri. Hannun kujerar kuma ya sule daidai inda tafin Gergina yake hutawa.

Da mako uku ya cika, tara suka ƙyanƙyashe, duk baƙaƙe kamar ubansu, wani zakaran da ba wanda ya gayyace shi. Gimbiya ta karkaɗe jiki, ta hau koya musu tsattsagar garin masara. Lambo bai motsa ba. Ya kwashe ƙwai biyun da ta bari, ya sa a hula, ya rungume. Duk wanda ya matso sai ya kumbura, ya yi masa gurnani.

Maganin kazar da ta ƙi barin kwanci kowa ya san shi: a tsoma ta a ruwan sanyi. Iya Tsona ta shigo da bokiti, Petko na biye.

"Kawu, kwancinka ya wuce ƙa'ida. Ko ka tashi, ko na tashe ka."

"Ki bar ni zuwa gobe."

"Jiya ma haka ka ce. Petko, kama mini fukafukansa."

Ta ɗaga bokiti ke nan, sai aka ji ƙwas-ƙwas daga cikin hula, kamar baƙo mai kunya yana ƙwanƙwasa ƙofa. Ta sauke bokitin. Ɓawo ya tsage, wani jiƙaƙƙen abu ya faɗo, da zane-zane a bayansa irin na 'yan tsakin Gergina. Lambo ya yi ta hura masa numfashi har ya bushe.

Sannan ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara kamar busasshen itace. Ya girgiza ɗaya ƙwan a kunne, ya ji baragurbi ne, ya miƙa wa Petko.

"Ga naka. Ɗaya ya samu."

Ya tallabi hular da hannu biyu, kansa ba komai, ya nufi ƙofa. Gimbiya ta dube shi, ta kira 'ya'yanta, suka bi shi waje.