Ranar da Na Ceci Amarya da Ruwan Kifi

Ranar Alhamis ce, saura kwana biyu a ɗaura auren Anti Balkisa, a shekarar da nake aji uku a lakwal, cikin zafin nan na Yamai da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa. Ina zaune ƙarƙashin dogon yaron tsakar gidanmu a unguwar Katako, an ɗora mini tsintar shinkafa, sai na ga hayaƙi yana fitowa ta tagar ɗakin amarya. Fari ne, mai kauri, yana murɗawa sama. Ya kamata in ce tsoro ne ya kama ni, amma tunda na yi niyyar faɗin gaskiya, murna ce. Wata biyu cur ina jiran gobara.

Kafin a kira ni muguwa, a bari in yi bayani. Gidanmu na 'yan'uwa biyu ne, Baba da yayansa Baffa Sani, dukansu masu sayar da katako, rumfa jikin rumfa a kasuwa, sashe na kallon sashe a gida. Ban taɓa jin sun zagi juna ba, amma gasa ce tsakaninsu tun daga asuba. In Baffa ya kawo ragon layya, Baba sai ya zagaya shi sau biyu yana auna ƙahonsa da ido, sannan ya fita, ya dawo da wanda sai an karkata masa kai kafin ya shiga ƙofa. Mu yara mun gaji wannan hali kamar yadda muka gaji dogon hancinsu. Nawa abokin karawar shi ne Bashir ɗan Baffa, ƙanen amarya, wanda ya girme ni da kwana goma sha ɗaya kuma bai taɓa barina na manta ba.

Wanda ya jawo masifar kuwa Tonton Idi ne, autan su Baba, direban taksi. Wata Lahadi da rana ya zo da fim a kile, ɗan abin nan da ake tura finafinai a ciki, aka sa a telen Baffa saboda ta fi tamu faɗi da yatsa huɗu. Baba ya ce kansa ke ciwo ba zai shiga ba, amma na gan shi tsaye bakin taga har aka gama. Fim ɗin na pompiye ne, masu kashe gobara: wa da ƙane ne a runduna ɗaya, ba sa ga-maciji, ga wani mugu yana bi yana cinna wa manyan shaguna wuta, daga ƙarshe aka gano ashe ɗan gida ne. Faransancinsu gudu yake kamar kabu-kabu, don haka Tonton ne ke fassara mana, kuma yanzu na tabbata rabin maganganun daga cikinsa ya ƙago su. Ni dai abu ɗaya ya tsaya mini a rai: yadda ƙanen ya banke ƙofa da kafaɗa ya fito da mace daga cikin hayaƙi, jama'a suna tafi.

Washegari gidanmu ya wayi gari da rundunar pompiye biyu. Ni da ƙannena uku, Bashir da nasa. Muka haɗa tsani da guntayen katako, muka raba tsohon tiyon ban-ruwa gida biyu da wuƙar Kaka, kurar mai garuwa ta zama motarmu duk lokacin da ya shiga cikin gida juye ruwa, jiniya kuwa da baki ake yinta har akuyoyi suka daina kwana a zaure. Duk da haka da abin ya wuce kamar kowane wasa, sai Tonton ya tsinto wani tsohon kaske, hular kwano ta babur, wajen masu gwangwan, ja, ya tsage ta baya. Kaske ɗaya, kai biyu. Muka yi kokawa a kansa har na ciji Bashir a kunne. Tonton ya raba mu, ya rataye kasken a ƙusa saman zaure, ya yanke hukuncin da har yau yake rantsuwa bai tuna ba: "Duk wanda ya fara kashe wuta ta gaske, shi ne kapiten, kaske nasa ne."

Daga nan na gane cewa Yamai gari ne marar tausayi. Kullum manya na labarin gobara a kasuwa kaza, amma a gidanmu ko tsumma ya ƙi kamawa. Na sheƙa wa garwashin furnon shayin Baba ruwa moɗa guda, Tonton ya ce wannan ba gobara ba ce, Baba kuma ya nuna mini da takalminsa cewa ra'ayinsu ɗaya. Bashir ya kashe murhun Kaka tana tsakiyar tuƙa tuwo, ya kwana biyu yana zama a karkace. Wata rana na kama shi bayan ɗaki da kwalin ashana, yana kallon tulin dussar katako da ake kawo wa mata don hura wuta. Ya ce tsinta ya yi. Ni da na kalli fim, na san mai cinna wuta ɗan gida ne. Tun daga ranar na sa masa ido, ko makewayi ya shiga ina bakin ƙofa.

Ana haka hidimar biki ta taso. Aka kawo wata dattijuwa daga Diffa mai gyaran amarya, ta shige ɗakin Anti da ƙullin kayanta, aka rufe ƙofa, aka ce yaro ko leƙe kada ya yi. Ba wanda ya gaya mana abin da ake yi a ciki. A gidanmu ba a yi wa yaro bayani, kora ake yi. Da wani ya ɓata minti ɗaya ya ce mini ana zaunar da amarya bisa kujera mai rami, a lulluɓe ta da bargo, a sa kaskon garwashi da itacen ƙamshi a ƙarƙashinta, hayaƙin ya riƙa ratsa jikinta kwana bayan kwana, da yau sunana na nan da mutuncinsa.

To, ga ni ga hayaƙi a ranar Alhamis ɗin. Mutane suna yawan tambayata, ba ki ji ƙamshi ba? Na ji mana. Amma ai kwalaben turaren lefe suna ɗakin, sai na ce su ne suka kama. Na waiga ban ga Bashir ba, lissafi ya cika: ya cinna wa ɗakin yayarsa wuta don ya riga ni. Matan gida duk suna can baya wajen girki. An ɗauke ruwan pampo tun safe, tanon da ake tara ruwa kuma a rufe an ɗora masa dutse. Abin da ke kusa da ni bokiti ne guda, cike taf. Ban tsaya tambayar tarihinsa ba. Ashe a cikinsa aka wanke kifin da aka sayo bakin kogi don baƙi, da ɓawonsa da kayan cikinsa duka.

Na kunna jiniya da bakina, na banke ƙofa da kafaɗa kamar yadda na gani, ƙofar da ashe ba a ma kulle take ba. Cikin hayaƙi na hango wani tulin bargo, kan Anti ya leƙo ta sama tana zufa, idonta a lumshe. Na ce shi ke nan, ta suma. Na sheƙa mata bokitin tun daga ka. Garwashi ya yi cuuu, toka ta tashi, amarya ta miƙe da ihun da na tabbata an ji shi har unguwar Filato, ɓawon kifi na walƙiya a goshinta, lallen da aka sa mata da safe yana zuba a tabarma. Dattijuwar Diffa ta dube ni, ta dubi aikinta na kwana biyar, ta soma magana da Barbarci ba numfashi. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na fahimci duka. Sai ga Bashir ya shigo da guntun tiyonsa. Ashe aikensa aka yi sayen ƙanƙara.

Abin da ya biyo baya ya fi fim ɗin. Inna, matar Baffa, ta ce turo ni aka yi daga sashenmu don a ɓata musu biki. Mama ta ce da a sashenmu ne da an san yadda ake kulle ƙofa. Baba da Baffa suka rufe rumfuna suka dawo, kowa na huci, Baffa har ya fara nuna inda za a ja katanga a raba gidan. Kaka ce ta kamo ni ta tsayar a tsakiya, ta ce in faɗi wanda ya sa ni. Na faɗi maganar kaske tiryan-tiryan. Sannan, karo na farko a rayuwata, na ga Baba da Baffa sun juya tare, sun nufi wuri ɗaya. Tonton Idi bai tsaya neman takalminsa na hagu ba. Taksinsa bai sake shigowa unguwar ba sai bayan sati.

Ni kuwa aka hana ni zuwa biki, ankon da aka ɗinka mini aka ba wata 'yar maƙwabta. Bashir ya hau tsani ya sauko da kasken, ya miƙo mini da hannu biyu yana danne dariya, ya ce halalina ne, shi ya yafe. Ranar kai amarya ina zaune a zaure da kaske a kaina, don in ban sa shi ba me na samu, sai Anti ta tsaya, ta ɗaga mayafinta, ta ƙwanƙwasa kasken da yatsa. "Kapiten," ta ce, "da wutar gaske ce, ke kaɗai kika shigo. Amma wallahi har yanzu ina jin ƙarni."

Yanzu ina da shekara goma sha shida, kuma sunan ya bi ni har makarantar lise. 'Yar Anti ma, da ba a haife ta ba a lokacin, Tanti Kapiten take ce mini, in aka soya kifi kowa sai ya waiwayo ni. Tonton har yau ba a hukunta shi ba. Ba a ja katangar ba, amma Baffa ya gina gida can bayan gari sun tashi, Bashir sai a waya, kowa kuma fim ɗinsa yake kallo shi kaɗai a tafin hannunsa. Baba yana sayen rago matsakaici, ba ya ko duba ƙaho. Kasken na nan rataye a zaure, Mama na ajiye albasa a ciki, kuma duk faɗin gidan babu wanda zai yi kokawa da ni a kansa.