Ba Hasken Jego Ba Ne

Jiya a wajen awo wata nas ta ja fatar idon ɗiyata ƙasa tana leƙawa, sai Hajiya ta faɗo mini a rai. Ƙanwar surukata ce, tsohuwar nas. In ta gaisa da mutum ba ta sakin hannunsa sai ta juya tafin ta duba, ta latsa farce ta ga ko jan zai dawo.

Ranar sunan ɗiyar nan a Mairuwa, mata sai yaba ni suke, wai na yi hasken jego. Ni kuwa ko zani na ɗaura sai haki. Hajiya ta shigo tana ƙamshin man zafi, ta ja fatar idona da yatsanta mai sanyi.

"Ɗiyata, wannan ba haske ba ne, jini ne babu. Ɗauko mayafinki."

Surukata ta ce a bari baƙi su watse tukuna.

"Yaya, suna suka zo. So kike su dawo ta'aziyya?"

A ranar aka ƙara mini jini.

Yanzu ni ke juya tafin ɗiyata. Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya dube ta da rahama yadda ta riƙa duba mu.