Gwaggo Dije, Jikar Mai Ɗinka Lifidi

Duk wanda ya san Gwaggo Dije ya san babban yatsanta. Ba ta zama a kan abu sai ta danna shi tukuna: katifa, matashi, kujerar adaidaita, kai hatta kumatun jariri ranar suna. Ta danna, ta taɓe baki, ta ce, "Wannan ko tsinke ba zai tare ba."

Yayar babanmu ce, kuma sana'arta cusa audugar rimi a matasan kai, a ƙauyenmu na bayan Bunkure. Amma ka kuskura ka ce mata mai matashi, to kun ɓata ke nan. Ita jikar mai lifidi ce. Kakarta ce ke ɗinka rigar nan mai kauri da ake cusa wa auduga, a sa wa doki da mahayinsa saboda kibiya da mashi, a zamanin da mahara ke ɓullowa daga kudu su kwashe mutane da hatsi.

"Da bindigar Bature ta zo tana huda lifidi kamar ganyen kabewa," in ji ta, "sai muka koma matashi. Ɗinkin dai ɗaya ne. Wanda ya kwanta a kan na yanzu yana tashi."

Abokin tsokanarta Malam Ilu ne, maƙwabcinmu, wanda kullum yake ba da labarin kakansa barde, wai shi kaɗai ya tarwatsa dawakin mahara. Wata rana yana cikin bayarwa a ƙofar gida, har ya miƙe yana nuna yadda ake jifa da mashi, sai ta leƙo daga zaure.

"Malam, ka zauna kada ƙugunka ya tashi. Ɗan lifida fa in ya faɗo daga doki sai an ɗaga shi, kamar kunkuru a rigingine. Kakan naka ba sau ɗaya kakata ta wanke masa lifidi ba."

"To ai jinin maza ne, Dije!"

"Wallahi ba jini ta ce ta wanke ba."

Ranar har Liman sai da ya toshe baki da rawani.

Sai maganar Sabi'u, jikanta. Da ya fara acaba tsakanin Kura da Kadawa, hankalinta bai kwanta ba. Ta zauna ta ɗinka masa lifidi sosai, daga wuya har gwiwa, ta ce ba zai hau babur ba sai da shi. Yaro ya yi magiya, ina! Haka ya fita kamar buhun albasa, fasinja sai a ƙarshen kujera suke maƙalewa. Rannan ya kauce wa akuya ya zarce cikin kanal, magudanar ruwan noman rani. Auduga ta sha ruwa, sai da masu dashen shinkafa suka taru suka jawo shi kamar sa. Ya shigo gida yana ɗiga.

"Gwaggo, rigarki ta kusa kashe ni!"

Ta juya shi gaba da baya. "Ka karye?"

"A'a."

"To ta yi aikinta. Ruwa kuma ai tun zamanin kakata lifidi ba ya shiri da shi. Wa ya ce ka tsallake rafi a kan doki?"

Amma abin da na fi tunawa shi ne shekarar da ruwa ya yi ƙaranci ana tsaka da noman rani. Mutanen ƙauyen da ke samanmu suka toshe kanal, tumatirinmu ya fara yaushi. Samari suka taru a kan babura da gorori da adduna, Sabi'u a gaba, ƙanena Nura a bayansa. Dattawa sun yi magana ba a ji ba. Sai ga Gwaggo da sandarta da igiyar awo, ta tsaya tsakiyar hanya.

"Ba zan hana ku ba," in ji ta. "Amma ku sauko ɗai-ɗai in gwada ku. Kakata awo biyu take yi wa mai tafiya yaƙi, na lifidi da na farin ƙyalle, don kada a wahalar da uwarsa in doki ya dawo shi kaɗai."

Ta kama Nura ta ɗora masa igiya daga ka har ƙafa. Sannan ta juyo ta dubi sauran ta ce:

"Likkafa da likkafani, me ya raba su? *Ni* ce kawai. Duk mai cewa ni, ni, ni, daga wannan yake faɗawa wancan."

Sabi'u ne ya fara kashe babur. Da yamma dattawan ƙauyukan biyu suka zauna aka raba ranakun ruwa.

Da ciwon ajali ya kama ta, ni na yi jinyarta. Na lura in ta idar da salla takan yi wa mahayan zamanin kakarta addu'a, namu da na maharan, har da dawakai. Na ce, "Gwaggo, dawakai kuma?"

Ta ce, "Ke, su ne fa ba wanda ya taɓa gaya musu dalilin faɗan."

Allah Ya jiƙan Gwaggo Dije, Ya yafe mata kaifin bakinta, Ya sa kabarinta ya zama wurin hutu. Ya bar mana zaman lafiyar da ta tsaya a rana ta roƙa mana. Amin.