Duwatsun Rufin Inna da Ƙarafan Ƙasar Sanyi

Daga Sakkwato

Ana sallame sallar asuba na ɗauki jaka na nufi tasha. A cikin jakar akwai riga ɗaya ta canji da wasu abubuwa guda uku da ƙanena Nasiru ya aiko daga ƙasar sanyin da yake aikin rufin gidaje. Ni tela ne, ban taɓa hawa rufin kowa ba. Amma ni ne babba, ni ne kuma a kusa, saboda haka aikin ya faɗo kaina.

Ga yadda abin yake. Ɗakin mahaifiyarmu, Inna, a Magarya rufin kwano ne, a kansa kuma akwai manyan duwatsu da aka aza don kada iska ta yaye shi. Kwano kuwa da rana yana miƙewa, da yamma ya tsuke, iska ta zo ta girgiza shi, duwatsun suna ta matsowa ƙasa ba mai lura. A bazarar bana ɗaya ya sauko ya fasa randa, kamu ɗaya tsakaninsa da tabarmar da Inna take zama tana gyaran tafarnuwa. An ce ta sauya wurin zama, ta ce nan inuwa take. An ce a sauke duwatsun a buga sababbin ƙusoshi, ta ce duk wanda ya sauke mata dutse ɗaya kada ya ƙara taka mata gida.

Da Nasiru ya ga hoton rufin a waya, sai ya ce su ma can suna da irin wannan damuwa. Dusar ƙanƙara tana taruwa a kan rufi, rana ɗaya ta zame gaba ɗaya ta faɗa wa na ƙasa, shi ya sa suke jera wasu ƙarafa a kan kwano su tare ta.

"Yaya, abin da ka tare ƙanƙara shina tare dutsi," in ji shi. "Ka zaɓi guda a ƙera irinai."

Faɗa a waya ba wuya. Iri uku ya aiko: ɗaya mai baki kamar awartaki da ake maƙalawa, ɗaya na roba da ake mannawa da gam, ɗaya kuma ƙarfe mai hudoji da ake ɗaurewa da sukuru. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, don haka ba ni da lokacin dogon nazari.

Rabah

Motar ba ta cika ba sai da rana ta fito. Ni da wani mai buhun gishiri muka raba kujerar gaba. A shingen bincike na biyu wani jami'i ya sa na buɗe jaka, ya ɗago mai bakin awartakin yana jujjuyawa.

"Wannan na mene ne?"

"Na tare ƙanƙara ne, yallaɓai."

Ya dubi sama, ya dube ni, gumi na zuba masa ta ƙarƙashin hula. Ya mayar mini da abina ya ce Allah ya ba ni lafiya.

Da hantsi na isa wurin Ummaru kafinta, abokina tun muna makarantar allo. Ya sa aka kawo masa da shayi, sannan ya jawo wani guntun kwano irin na Inna, mai tudu da kwari, ya yi ta neman inda bakin ƙarfen zai kama. Duk inda ya ɗora sai ya zame.

"Wanga ba shi da abin cizo ga kwanonmu," in ji shi. "Taho ka gani."

Ya kai ni bayan kasuwa ya nuna mini wani sabon gida mai dogon rufi, wanda haɗin kwanonsa ya tashi tsaye kamar an yi masa kalmasa. A irin wannan ne ƙarfen yake kamawa ba tare da an huda komai ba. Abu ne mai kyau ƙwarai, sai dai ba a yi shi don ɗakin Inna ba. Ummaru ya roƙe ni shi, wai zai nuna wa mai gidan, na bar masa.

Da zan tafi ya kawo tasa shawarar. "Ku jira ranar da tat tahi biki ƙauye, ku sauke duwatsun, in zo in buga ƙusa. Kahin ta dawo an ƙare."

"In ta dawo hwa, kai za ka tsaya ka yi mata bayani?"

Ya ce yana da aiki da yawa a wannan watan.

Wurno

Kabu-kabu na hau, muka bi ta cikin fadama, ko'ina rumbunan albasa da mutane suna ta rufe su da ciyawa kafin ruwa. Mai babur ɗin ya so ya san abin da ke ƙara a jakata, ni kuwa na gaji da bayani, na ce kayan ɗinki ne.

Na sauka gidan Kawu Isa, ƙanen Inna. Kafin la'asar na matsa gam a gindin na robar, na manna shi a rufin rumfar awakinsa. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, muka ci a zaure, sannan na tambaye shi ko zai iya shawo mana kan yayarsa ta bari a sauke duwatsun.

Kawu ya yi dariya. "Ko ni ban isa ba. Ka san shekarar da iska tay yaye ɗakin ga, babanku na kwance ba shi ko iya tashi. Ba kuɗin ƙusa, ba na katako, ga ruwa na zuwa. Mazan unguwa sunka hita, kowa yad ɗauko dutsi guda bisa kai tun daga bakin tudu, anka maida kwano anka danne. Ni ma da nawa ciki, wani mai jan baki. Yau in ka ƙirga waɗanda sunka ɗauko, da wuya ka samu ukku da rai. Kai duwatsu kaka gani, ita mutane taka gani."

Na san labarin, ko da yake ina koyon ɗinki a birni lokacin da abin ya faru. Amma ban taɓa jin sa daga bakin wanda ya ɗauko dutse da kansa ba. Daga ranar na daina jin haushin taurin kan Inna, ko da yake tsoron bai ragu ba.

Washegari na jira har rana ta take. Na hau turmi na taɓa kwanon, na janye hannu da sauri. Gam ɗin ya yi laushi kamar alewa. Na ɗora rabin bulo a bayan robar, suka sauko tare, saura kaɗan su sami wata akuya. Na kira Nasiru na gaya masa. Ya ce ban yi wa gam ɗin adalci ba, ai sai ya yi kwanaki kafin ya kama sosai. Wataƙila gaskiyarsa ce. Na ce masa hadarin da nake gani a gabas ba zai jira gam ya bushe ba, kuma ba zan gwada sa'a a kan Inna ba.

Goronyo

Saura ɗaya a jaka. Kawu ya ce in nemi wani mai walda, Sahabi, wanda ya yi masa ƙofar garka. Na isa bayan azahar, na ci soyayyen kifi a bakin tasha, mai kifin ta nuna mini rumfarsa. Ba wuta a garin, da ƙaramin janareta yake aiki.

Sahabi ya auna ƙarfen a tafin hannu, na nuna masa hoton rufin. Ya ce ƙarfen yana da kyau, amma in aka jera su ɗai-ɗai yadda ake yi wa ƙanƙara, dutse zai bi ta tsakani ko ya take ɗaya ya wuce. Muka yi ta juya maganar har muka tsaya a kan ya ƙera irinsa masu kauri, kowanne da zobe a kai, a zura rodi ta cikinsu daga wannan gefen rufi zuwa wancan.

"Amma hwa sai an huda kwano," in ji shi. "Bisa tudu za mu huda, ba cikin kwari ba inda ruwa ka bi. Mu sa robar taya ƙarƙashi. Duk da haka ba ni yi maka rantsuwa ba shi yoyo."

A sana'ata na san inda allura ta shiga ta shiga ke nan, ko an warware ɗinki hudar tana nan. Kwanon Inna kuwa, duk tsufansa, bai taɓa ɗiga ba, tana ma alfahari da haka. Na zauna a kan benci ina kallon tartsatsin walda, na auna ɗigon ruwa da faɗowar dutse, na ce ya ƙera.

A ɗakin baƙin wani abokin Kawu na kwana, domin ba mai son bin hanyar nan in rana ta yi sanyi. Da safe muka ɗaure rodin a saman mota ni da Sahabi. Direba ya yi ta mita cewa za mu goge masa fenti, motar da rabonta da fenti tun tana hannun mai ita na farko.

Magarya

Mun tarar da Inna a inda na san za mu tarar da ita, a kan tabarma, tafarnuwa a faifai, duwatsu a samanta. Da yake ni ne ɗan fari ba ta faɗin sunana, Tela take ce mini. Bayan gaisuwa ta dubi rodin.

"Tela, mi na na wanga kuma?"

Na yi mata bayani, na ce ba dutsen da za a sauke, shinge kawai za a yi musu.

"Da mi za ku kama shi?"

"Sai an ɗan huda kwanon, Inna."

"A huda! Ɗakin da bai taɓa zuba ba tun babanku na da rai, ku taho da baƙo ku huda min shi?"

Na durƙusa a gabanta na ce mata tun ranar da randa ta fashe ban yi barcin kirki ba, kuma in dutse ya same ta ba ni da bakin da zan yi wa Nasiru bayani. Ta ci gaba da ɓare tafarnuwarta. Can ta ce a yi, amma ko dutse ɗaya kada ya taɓa ƙasa.

Haka Sahabi ya yi aikin, yana bin layin katako a hankali, yana matsar da duwatsun sama maimakon ya sauko da su. Duk sukurorin sun kama sai ɗaya, wanda ya faɗa inda gara ta cinye katakon. Ya zare shi, ya toshe hudar da roba da kwalta, ya matsa gaba ya sake hudawa. Ya gama kafin la'asar, ya sha fura, ya kama hanya.

Bai daɗe da tafiya ba hadarin ya iso. Iska ta fara, irin mai ɗaga kwano tana sakewa, ana jin duwatsun suna gurzawa a sama. Sai ruwa ya sauko. Muna zaune a ɗakin, ba a jima ba na ji ɗas, ɗas. Hudar da aka toshe ce, kuma daidai kan gadon Inna. Ta tashi ba ta dube ni ba, ta naɗe shimfiɗa, ta ajiye kwanon sha a wurin. Na ce gobe zan nemo mai gyara. Tuwon dare ma ba ita ta kawo mini ba, wata jikarta ta aiko da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na kwanta ina ganin na yi yawon garuruwa uku don kawai in ɓata ɗakin da yake lafiya lau.

Da gari ya waye na fito da jakata zan yi mata sallama. Har ta shimfiɗa tabarma a wurinta, ƙasa na ta ƙamshin ruwan farko. Na ɗaga kai don in ga ko rodin yana nan. Yana nan, amma ya lanƙwashe a tsakiya. Wani dutse da ya fi kan mutum girma ya baro inda Sahabi ya ajiye shi, ya gangaro har baki, ya jingina da rodin. In da za a saki zare daga gindinsa, a kan ɗankwalin Inna zai sauka.

Na ce, "Inna, don Allah ki matsa."

Ta ɗaga kai ta dubi dutsen, ta daɗe tana kallo. "Na Malam Garba na, shi yad ɗauko shi," in ji ta. "Shi dama bai iya zama wuri guda ba." Ta mayar da kai kan faifai. "Ai ka tare shi. Tahi kar ka rasa mota. Ka ce ma ƙanenka ɗakina na yoyo."

Ban tafi ba sai da na sami maƙwabta biyu suka hau suka mayar da dutsen sama, suka miƙe rodin, suka ƙara wa hudar kwalta.

Komawa gida

Na iso Sakkwato ana kiran azahar. Na kira Nasiru na gaya masa wanda na zaɓa da yadda aka sauya shi, na kuma isar da saƙon yoyo kamar yadda aka ba ni. Da na kai ga maganar dutsen sai ya fashe da kuka.

Na buɗe shago na zauna a kan keke, ga ɗinkin mutane ya taru. Sau uku ina kai zare bakin allura ina kuskurewa, sai na ajiye na rufe shagon. Ina gode wa Ummaru da Kawu Isa da Sahabi da maƙwabtan Inna, Allah ya saka wa kowa da alheri. Godiya mafi girma ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma sa na baro tsohuwa zaune a inuwarta tana fushi da ni.